Hannun Mai Aski

Mu fatar gidanmu ba ta son girgiza. Haka na taso na tarar. Babana, Allah Ya jiƙansa, in ya yi wanka ba ya goga tawul a jiki, sai dai ya riƙa danna shi a hankali kamar mai tsane jariri. Ni kuwa ban taɓa dafa injin niƙa yana aiki hannuna ya zauna lafiya ba. Minti biyu ya isa. Wurin zai yi ja, ya tashi ruɗu-ruɗu kamar an zane mutum da bulala, fuska ta ɗauki zafi, kai ya sara, baki ya yi ɗanɗanon ƙarfe kamar an tsotsi ƙusa. Kafin awa guda kuma ya kwanta, a nemi tabo a rasa. Mu bakwai babanmu ya haifa, huɗu muka ɗauko, uku suka tsira. Ba mu da sunan da muke kiran sa. Abin nan kawai muke cewa.

'Yata ta ɗauko. Lokacin da Mai Faci ya zo neman aurenta, labarin uwarsa ya riga shi isowa kunnena: ta taɓa hana babban ɗanta wata yarinya saboda ɗan farin tabo a wuya, ta ce ba za a shigo mata da jinin cuta gida ba. Sai na zaunar da 'yata na ce ta ja bakinta ta yi shiru. Abin da yake kwanciya cikin awa guda, wa zai gani? Ta ji maganata. Shekara shida tana ce wa mijinta tsoron babur take yi, yana mata dariya yana kiran ta matsoraciya. In ta kai masa abinci shago, nesa da injin iskar taya take tsayawa, ta ce ƙararsa ce ke hawa mata kai. Da jikana ya zo, wanda nake kira Angona, bai cika shekara ba muka gane shi ma ya ɗauko. Ita take rage masa gashi da almakashi a tsakar gida, uban yana cewa kan yaron kamar ɓera ya kwana yana ci.

Kada ku ɗauka Mai Faci mugu ne. Ni da nake zaune a ɗakin da ke bakin ƙofarsa tun rasuwar mijina na san shi sarai. Mutum ne mai kyauta, amma zuciyarsa a kusa take, hannunsa kuma ya saba da ƙarfe. Yaron nan kuwa shi ne ransa. In sauro ya ciji Angona, sai an tashi kowa a gidan an nemo sauron.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, 'yata tana wanki, ni ina tsince shinkafa. Ya saɓa yaron a kafaɗa ya ce za su sayo biskit. Ashe wurin Mai Aski ya nufa, can ƙarshen layinmu bayan gidan mai, yana so ya dawo da shi tsaf ya ba uwar mamaki.

Mai Askin nan saurayi ne siriri, mai shago ɗaki ɗaya, kujera shuɗiya, madubi babba da benci a waje inda 'yan babur ke hutawa. Duk ranar da na wuce sai ya leƙo ya ce, Iya, shigo in rage miki gashin haɓa kyauta, ni kuma in ce ya bari nasa ya tsiro tukuna. Iyakar abin da ke tsakaninmu ke nan.

Ba a yi rabin awa ba muka ji an banko ƙofa. Mai Faci ne a guje, yaron a ƙirjinsa yana tsala ihu. Rabin kan an aske, rabi da gashi. Inda kilifa ta bi duk ya tashi layi-layi, ja wur, tun daga goshi har ƙeya, kunnen dama ya yi suntum, fuskar ta yi jajir, ido ɗaya ya kusa rufewa. Ni da na san abin, sai da gabana ya faɗi, balle uban da bai taɓa gani ba.

Yana haki ya ce ya ga Mai Aski ya fesa wa kilifar wani ruwa daga kwalba marar takarda kafin ya fara. Wani da ke zaune a benci ya ce ai ruwan batir ne wasu ke wanke kilifa da shi, wani kuma ya ce ko watan jiya wani yaro ya kwashi makero a shagon. Mai Faci ya miƙa wa 'yata yaron.

"Dube shi. Kin taɓa ganin irin wannan a jikinsa?"

'Yata ta ɗago ta kalle ni. Ni kuma na ɗan girgiza kai, kaɗan, yadda ita kaɗai za ta gani. Ta ce a'a, ba ta taɓa gani ba.

A raina cewa na yi, a sa masa ruwan sanyi, kafin uban ya gama faɗa abin ya kwanta, a ce Allah Ya sawwaƙe, magana ta wuce. Na manta da irin mutumin da nake zaune a gidansa. Ya shiga lungun da yake ajiye kayan aiki, ya fito da dogon ƙarfen nan da yake ɓare taya da shi, ya ƙwala wa ƙaninsa kira ta kan katanga. Na ce masa ya tsaya a kai yaro asibiti tukuna. Ya ce, Inna, ku kai shi, ni ina da aiki. Suka fita.

Na ce wa 'yata ta zauna da yaron ta yi ta shafa masa ruwa, na jawo mayafi na bi su. A ƙafa, don ni ma babur ba abin hawana ba ne. Gwiwoyina kuma kun san na tsofaffi. Tun daga gidan mai na fara jin ƙarar gilashi.

Ko da na isa, mutane sun cika bakin shagon. Madubin ya zube, guntayensa har tsakiyar titi. Ƙanin Mai Faci ya ɗaga janareta ya maka a kwata, fetur yana malala. An jefo shuɗiyar kujerar waje, ƙafarta ɗaya ta karye. Kwalabe, tawul, burushi, hoton salon aski da ke bango, duk an tattake. Mai Aski yana ƙasa a kusurwa, ya kare kansa da hannuwa biyu, Mai Faci yana zuba masa ƙafa a haƙarƙari. Kowane shuri sai Mai Aski ya yi wani sauti kamar an taka kwalin da babu komai a ciki. Yana ta cewa sifirit ne, wallahi sifirit ne, a shinshina kwalbar. Babu wanda ya shinshina. Kwalbar ma an fasa ta.

'Yan babur ɗin da ke shan inuwarsa kullum suna tsaye, sun yi cirko-cirko. Sun ga kan yaron da idonsu, shi ya sa babu mai iya buɗe baki. Wata mai sayar da lemo tana cewa a ƙara masa, masu wasa da 'ya'yan mutane. Wani tela da ko yaron bai gani ba ya rantse cewa fatar kan ta saɓule har ana ganin ƙashi. Wani ya miƙa hannu ta taga ya mari Mai Aski, don kawai kada a ce bai sa hannu ba.

Ni ina tsaye tsakanin mai lemo da wani ƙato mai warin gumi. Maganar tana bakina. Kalma nawa ce? Ba laifinsa ba ne, abin gidanmu ne. Amma na hango uwar Mai Faci a raina, na hango 'yata da akwatinta a bakin ƙofa, na hango shekara shida na ƙarya an baje su a titi gaban mai lemo da tela. Na ce bari ya huce. Duka ne, ba kisa ba, yaro ne zai warke.

Mai Faci ya cafko wuyan rigarsa ya ja shi a ƙasa cikin gilashi har bakin teburin da yake jera kilifofi. Bakin saurayin ya fashe, haƙori ɗaya ya tafi, jini yana bin haɓarsa yana ɗiga a ƙirji. Mai Faci ya ce wa ƙaninsa ya danne wa Mai Aski hannun dama a kan teburin. Ƙanin ya ce, Yaya, ya isa haka. Mai Faci ya kalle shi sau ɗaya, sai ƙanin ya zo ya danne.

"Da wannan ka taɓa min ɗa?"

Mai Aski ya daina cewa sifirit. Ya koma roƙo. Ya ce a karya masa ƙafa, a fasa masa kai, a ƙona shagon, amma a bar masa hannun, da shi yake ci, da shi yake ciyar da uwarsa. Yana ƙoƙarin dunƙule yatsun, ƙanin yana buɗe su.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Amma ƙarfen ya riga ni sauka.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an karya busasshen kara biyu a haɗe. Ihun da ya biyo baya ne ya sa mai lemo ta toshe kunne. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka kwanta gefe, ta inda yatsa ba ya kwanciya. Mai Faci ya sake ɗagawa ya sauke, na tsakiya ya fashe, farcen ya yi tsalle ya faɗi kusa da ƙafata. Ya ɗaga na uku, yana auna babban yatsa da manuni, su ne masu riƙe kilifa, ya kuma san haka.

A nan babur ya tsaya a bayanmu da ƙarar birki. 'Yata ce ta sauko, yaron a hannunta. Ita da ko sau ɗaya ba ta taɓa hawa ba, ta hau, a kan titin nan namu mai ramuka. Fuskarta ta yi ja kamar an watsa mata ruwan zafi, hannun da ta riƙe ƙarfen bayan babur da shi ya tashi har gwiwar hannu, tana tafiya tana ware ƙafafu saboda cinyoyinta. Ta ratsa mutane ba ta ce wa kowa gafara ba, ta shiga tsakanin mijinta da teburin, ta ɗaga masa yaron.

Kan Angona ya kwanta. Ɗan ja-ja ne kawai ya rage a bayan kunne. Ya daina kuka, yana kallon madubin da ya fashe yana tambaya wa ya fasa.

Mai Faci ya tsaya da ƙarfe a sama. Ya ce ta matsa. Ba ta matsa ba. Ta sauke yaron, ta durƙusa ta laluba ƙarƙashin teburin, ta ciro wata ƙaramar kilifa mai caji da ta tsira daga tattaka. Ta wanke bakinta da ruwan butar da ke gefe, ta goge da zaninta, ta kunna. A cikin shirun nan ƙugin kilifar kamar na ƙudan zuma. Ta kamo hannun ƙanin mijinta, wanda har lokacin yake danne da Mai Aski, ta ɗora masa bayan kilifar a damtse, ta riƙe. Ya tsaya kamar gunki. Ta cire, babu komai. Sai ta naɗe hannun rigarta na hagu, wanda bai taɓa babur ba, ta ɗora a nata.

Kowa yana kallo. Da farko ja, sannan fatar ta fara tasowa a hankali, daidai faɗin kilifar, layi iri ɗaya da wanda ke kan yaron ɗazu. Ta kashe ta ajiye.

"Nawa ne," in ji ta. "A wurina ya ɗauko, ni a wurin Inna, ita a wurin babanta. Ba ruwan kwalba ba ne, girgizar ce. Na sani tun kana tambaya ta."

Ƙanin ya saki hannun Mai Aski kamar ya riƙe garwashi. Mai Aski ya zame ƙasa ya rungume hannun a cikinsa yana nishi. Mai Faci ya dubi hannun matarsa, ya dubi teburin da jini ya kwanta a kai, ya sake duban ta. Sai ya yar da ƙarfen ya kwaɗa mata bayan hannu a fuska. Ta faɗa kan bango, leɓenta ya tsage. Bai taɓa dukan ta ba sai ranar.

Marin nan ne ya saki 'yan babur. Mutanen da suka tsaya kallo ana karya yatsun abokinsu, yanzu kunya ta zama fushi. Ɗaya ya fizgi ƙafar kujerar da ta karye ya sauke wa Mai Faci a ƙeya. Wani ya ɗauki katakon benci. Suka yi masa rubdugu a bakin ƙofa, ya faɗi, suka bi shi da ƙafa. Ƙanin ya nemi gudu, aka tare shi a bakin kwata aka tura shi ciki kan janaretan da ya jefa. Telan nan da ya rantse an ga ƙashi, shi ne kan gaba da dutse a hannu. Mai lemo kuma tana cewa a kashe azzalumi. Mai Faci bai rama ba ko sau ɗaya. Ya kwanta, goshinsa ya tsage, jini ya rufe masa ido, bai ma kare kansa ba. 'Yata, da leɓe a fashe, ta faɗa kansa ta rufe shi da jikinta, katako ɗaya ya same ta a kafaɗa kafin su ja baya. Ni abin da na iya shi ne na rungume Angona na tura fuskarsa cikin mayafina. Motar 'yan sanda ce ta raba, suka kwashi Mai Faci da ƙaninsa, wani ɗan babur ya goya Mai Aski zuwa asibiti.

Mu ma can muka bi, a ƙafa, aka yi wa 'yata ɗinki biyu a leɓe. Likitar da ta duba ta, wata 'yar gajeruwa mai tabarau, ta ga sauran tashin da ke hannunta ta tambaya. 'Yata ta gaya mata komai, tun daga kakanta. Sai ga likita tana murna kamar an ba ta kyauta, wai a littafi kawai ta taɓa karantawa, har ta aika a kira mata abokan aikinta biyu su zo su gani. Na ce mata, 'yar nan, mu ba kallo muka kawo ba. Ta ba da haƙuri, ta zauna ta yi mana bayani. Ta ce a cikin fatar kowa akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu gadi, cike da wani ruwa da suke zubarwa in ƙwaro ya ciji mutum ko wani abu ya shige shi, ruwan ne ke kawo ja da kumburi da ƙaiƙayi. Namu masu gadin murfinsu sako-sako ne, girgiza kaɗai tana buɗe shi. A ƙwayar halitta abin yake, wadda ake gada, kuma ko daga uwa ko uba, ɗaya ya isa. Kowane ɗa da aka haifa, ko ya ɗauko ko ya tsira, kamar a jefa kwabo sama. Ba ƙazanta ba ce, ba a ɗauka a wurin zama ko cin abinci, ba ya zama kuturta. Ta rubuta mana ƙwayar maganin ƙaiƙayi, ta ce a sha kafin a hau abin da ke jijjiga, yana ragewa. Ta ce a gaya wa makaranta, a gaya wa duk mai yi wa yaron aski. Duk bayanin bai kai minti biyar ba. Na zauna ina kallon bakinta, ina tunanin shekara sittin da wani abu da na yi ina ɓoye shi.

Sai da na yi kwana biyu kafin na iya zuwa ɗakin da aka kwantar da Mai Aski. Gado na huɗu daga ƙofa. Hannun yana naɗe har gwiwa, an rataye shi a ƙarfe, babban yatsa da manuni kawai suka leƙo. Uwarsa ta fita ɗebo ruwa. Fuskarsa ta kumbura har ban gane shi da farko ba, amma shi ya gane ni. Ya ce, Iya, kin zo a rage gashin haɓar? Yana magana iska tana fita ta gurbin haƙorin.

Na zauna a bakin gadon. Na tambaye shi abin da likitoci suka ce. Ya ce ƙananan biyun za su haɗe, ko da a karkace. Na tsakiyan ne ba su da tabbas, wataƙila ba zai ƙara lanƙwasa ba. Ya motsa biyun da suka rage, a hankali, yana kallon su. Ya ce kilifa dai zai riƙe, in ya koya wa hannun sabon riƙo. Gyaran fuska da reza ne bai sani ba, don wannan aikin yatsa uku ne. Ya ce a gode wa 'yata, da ta ƙara minti ɗaya da sai dai ya koma gadi.

Sai ya juyo da kansa a kan matashi.

"Iya, na ga kamar mayafinki a cikin mutane. Kin daɗe a wurin?"

Da zan iya cewa tare muka zo da 'yata. Ba shi da mai gaya masa, duk waɗanda ke wurin shi suke kallo, ba ni ba. Na ce masa na daɗe. Na ce tun yana ƙasa ana shurin sa nake tsaye, tun kafin a ɗora hannun a tebur. Na ce kuma na san abin da ke kan yaron tun a gida, ni na hana uwar faɗa.

Ya daɗe yana kallo na da idon da bai kumbura ba. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Uwarsa ta shigo da ruwa, ta gaishe ni da fara'a, ta tambaye shi wace ce wannan baiwar Allah. Ya ce wata tsohuwa ce daga layinsu, ta zo dubiya, yanzu za ta tafi. Ya mayar da fuskarsa bango.

Na tashi. Uwar ta raka ni har bakin ƙofa tana ta sa min albarka.